Kawu, ba ma'aikata ɗaya ce ke riƙe da hanyar nan ba

Kawu barka da warhaka, ya ƙarfin jiki ya su Inna da yara. Tambayarka ta iso, ka ce wai wace ma'aikata ce take kula da hanyar bakin tafkin nan tamu har ta tsaya tsaf haka, ba shara ba allunan talla da ke tare wa mutum ido, har ka ƙara da cewa ai ƙasar da ta tara kuɗi komai nata da sauƙi yake zuwa. Toh kuɗin akwai shi ba zan musa maka ba, amma in ka zauna da mutanen nan za ka ga abin da ya riƙe hanyar ba yawan kuɗin ba ne, zaman mitin ne da ba ya ƙarewa tsakanin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gari, kuma cikinsu ba wanda ya isa ya ba wani umarni.

Hanyar lamba 61 ce, a arewacin jihar Minnesota ta Amurka, ta tashi daga birnin Duluth ta bi gaɓar tafkin Superior wajen mil 150 har kan iyakar Kanada. Tafkin nan in dai faɗi ake magana duk duniya babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi, a wurare da yawa in ka tsaya a bakinsa ba ka hango ɗaya gaɓar. Hanyar ta ratsa gundumomi uku, St. Louis da Lake da Cook, ta bi ta ƙananan garuruwa irin su Two Harbors da Silver Bay da Grand Marais, a can ƙarshe kuma ta shiga ƙasar ƙabilar Ojibwe ta Grand Portage, su 'yan asalin ƙasar ne kuma suna da gwamnatinsu ta kansu da dokokinsu, ba a ƙarƙashin gunduma suke ba.

To kaga tun daga kwaltar ma ba mai ita ɗaya ba ne. Tsakanin Duluth da Two Harbors hanya biyu ce, akwai babba mai layi huɗu ta masu sauri wannan ta jiha ce, akwai kuma tsohuwar da ke manne da ruwa wadda masu yawon buɗe ido suka fi bi, ita wannan wani yanki na birni ne wani na gunduma, kana cikin tafiya za ka tsallaka daga hannun wannan zuwa hannun wancan ba ka ma sani ba sai dai wani lokacin ka ji ƙarar taya ta canza. Daga Two Harbors zuwa iyaka ma'aikatar sufuri ta jiha ce ke da titin, ita ke facin rami, ita ke ture dusar ƙanƙara, ita ta huda duwatsu biyu ta yi hanya ta cikinsu a 1991 da 1994. Amma ikonta a kan titin da 'yar gefensa ya tsaya. Dajin da kake gani ta hagu in ka nufi Kanada da yawansa na gwamnatin tarayya ne, gandun shaƙatawa guda takwas da ke jere a hanyar na wata ma'aikatar jiha ce daban, hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Split Rock da aka kunna a 1910 bayan guguwar 1905 ta farfasa jirage ƙungiyar tarihi ta jihar ce ke riƙe da ita, sauran filayen kuma na mutane ne, kowa da takardarsa. Abin da ya burge ka a hoton hanyar, wato ka ɗaga ido ka ga ruwa ba bayan wani otal ba, ba shi da mai shi guda ɗaya.

Shi ya sa ake zaman. A 1991 majalisar dokokin Amurka ta kafa wani shiri na ware hanyoyi masu ban sha'awa, ana duba abu shida, kyan gani, halittun wurin, tarihi, al'ada, kayan tarihin da ke binne a ƙasa, da wuraren shaƙatawa. Hanyar da ta yi fice a ɗaya ana ba ta matsayi na ƙasa, wadda ta yi fice a biyu har mutum zai taso takanas don ita kaɗai ana ba ta matsayin ƙoli, tamu ta samu na ƙolin a shekarar 2000. Abin lura shi ne ba daga Washington ake nuna hanya da yatsa a ce wannan ta ci ba, mutanen wurin ne za su haɗu su nema ta hannun jiharsu, kuma ba a kallon takardarsu sai sun kawo kundin tsari, a rubuce, na yadda za su kula da hanyar da abin da ke gefenta, wa zai yi me, da wane kuɗi, allo wane iri za a kafa, ina baƙi za su tsaya. Wannan sharaɗin shi ya tilasta wa maƙwabtan da da ba sa shiga harkar juna zama a teburi ɗaya. Mu a nan akwai majalisar hanyar, cikinta da wakilan gundumomi da na garuruwa da ma'aikatun jiha da masu harkar baƙi da 'yan ƙungiyoyi, hukumar raya yankin Arrowhead, wato arewa maso gabashin jihar, ita ke taimaka musu da aikin ofis da rubuta takardun neman tallafi.

Majalisar nan fa Kawu ba ta da ɗan sanda ba ta da kotu, ba za ta iya hana ka gini a filinka ba. Dokar gini a hannun gunduma da gari take, su ke cewa gida ya ja baya kaza daga bakin ruwa, tsawonsa kar ya wuce kaza. Don kar kowa ya yi tasa dokar gaɓar ta zama kamar rigar mahaukaci, tun 1987 ƙananan hukumomin bakin tafkin suka kafa hukumar haɗin gwiwa, a 1988 suka fito da tsari ɗaya na gaɓar, kowacce ta koma gida ta sa shi cikin dokokinta ta kuma aiwatar da kanta. Jihar tana da dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar haɗa ikonsu su yi abu tare, kuma suna amfani da ita sosai, har motar kashe gobara da ɗakin karatu ana yin tarayya a kansu. Allunan talla kuwa dokar tarayya ce ta hana kafa sabbin manya a kan babbar hanyar da ta samu wannan matsayi, tsofaffin da aka tarar ba a tumɓuke su, shi ya sa jefi jefi za ka ga ɗaya tsaye.

Ina ma ka ga yadda zaman yake, don ni nan ne abin ya fi ɗaure min kai. Ɗakin taron ƙaramar hukumar karkara ɗan ƙarami ne, kujerun ƙarfe masu naɗewa, tulun kofi a lungu, tuta a jikin bango, shugabannin su uku ko biyar a gaba kuma duk maƙwabta ne, wannan kafinta wancan tsohuwar malamar makaranta. Doka ta ce zaman a buɗe yake kowa na iya shiga, ana liƙa ajanda tun kafin ranar, ana ba mai magana 'yan mintuna ya faɗi sunansa da inda yake zaune sannan ya fesar da abin da ke cikinsa, wata mata na gefe tana rubuta komai. Na taɓa zama a wani da aka kusa cinye dare a kan banɗaki guda ɗaya na wurin fakin motoci. Kuɗin ginawa ba shi ne matsalar ba, ana iya nemo tallafi. Tambayar ita ce bayan an gina wa zai riƙa kwashewa, wa zai sa takarda, wa zai ture ƙanƙarar ƙofar a watan Janairu, in wani ya zame ya karye wa za a kai ƙara. Wani dattijo ya miƙe ya ce shi bai ga dalilin da harajin gidansa zai tafi wajen biyan buƙatar mutumin da ya zo daga birni ya ɗauki hoto ya wuce ba, mai sayar da kyafaffen kifi ta ce masa ai wannan mai hoton shi ke biyan albashin jikarka da ke min aiki da rani. Aka yi dariya, aka ɗage maganar zuwa wata mai zuwa. Haka abin yake tafiya, a hankali har ya ba ka haushi, amma ranar da aka sa hannu kowa ya san nasa kason kuma yana rubuce.

Su ƙananan hukumomin karkarar ma ranar Talata ta biyu a watan Maris kowace shekara mazauna ne da kansu ke taruwa su kaɗa ƙuri'a a kan yawan harajin da za a ɗora musu, to kaga mutumin da ya ɗaga hannu a kan kuɗinsa ba zai bari a kashe shi bai tambaya ba.

Maganar kuɗin da ka kawo. Tallafin tarayya na shirin nan kashi 80 cikin 100 yake biya, sauran 20 sai mutanen wuri sun nemo, gunduma ta sa kaɗan gari ya sa kaɗan wata gidauniya ta cika. A 2012 majalisar dokoki ta rufe wannan asusun gaba ɗaya, aka yi shekaru ba ko sisi da sunan shirin, sai bayan wata doka ta 2019 aka farfaɗo da shi, a 2021 aka ƙara hanyoyi 49 jimillar ta zama 184. A tsakanin nan wasu ƙungiyoyin hanyoyi a wasu wurare sun yi sanyi, waɗanda suka tsaya su ne masu wata igiyar da ta ɗaure su banda kuɗin Washington. A nan igiyar ita ce baƙi. Gundumar Cook duka mutanenta ba su kai 6,000 ba, Grand Marais da ke hedikwatarta bai kai 1,500 ba, mafi yawan ƙasar gundumar ta gwamnati ce ba a biyan harajin gida a kanta, abincinsu yana bakin hanyar nan. Dokar jiha ta yarda gari ya ɗora harajin kwana a otal har kashi 3 cikin 100, kusan dukkansa kuma wajen tallata yankin yake komawa. Saboda haka kar ka ɗauka waliyyai ne, kowa tuwonsa yake karewa, sai dai sun gane in garin gaba ya lalata nasa yankin baƙo ba zai ce garin gaba ne ba, cewa zai yi hanyar ta lalace.

Sharar kuma mu ne. Akwai tsarin da ƙungiya ko iyali ko coci ko masallaci ke ɗaukar mil biyu na hanya su ce mun ɗauki nauyin tsaftarsa, a Texas aka fara shi a 1985 ya bazu ko'ina, aikin gayya ne kawai da aka yi wa takarda da allo. Ana sa hannu na shekara biyu, a fita aƙalla sau biyu a shekara, jiha ta ba ku buhuna da 'yar riga mai ƙyalli ta kafa allo da sunan ƙungiyarku. Ni da maƙwabtana nake fita. Fitar bayan sanyi ita ce mai wahala, don duk abin da aka yar tun Nuwamba ƙanƙara ta rufe shi ta ajiye mana, tana narkewa sai ga su, gwangwanaye, guntun sigari ba iyaka, safar hannu ƙafa ɗaya, ɓallen roba na motar da ta bugi barewa, ƙasa jagab takalmi na nutsewa iska daga tafkin tana yanka kunne. Kuna gamawa ku tara buhunan a gefen titi motar ma'aikata ta zo ta kwashe. Ba a biyan kowa, kuma wallahi likita da direban babbar mota buhu ɗaya suke ja, wannan kam ya burge ni. Haka hanyar ƙafa ta cikin daji da ke bin saman duwatsun, sama da mil 300, ƙungiyar da aka kafa a 1986 ce ke kula da ita da 'yan sa kai, su ke yanke itacen da ya faɗi su gyara gadojin katako.

Can Grand Portage abin ya ma fi haka, gandun shaƙatawar da ke wurin, mai ruwan da ke zubowa daga dutse ƙafa 120 a kan iyaka, ƙasar ta ƙabilar ce, su da jiha suke gudanar da shi tare. Mutanen da aka karɓe wa mafi yawan yankin nan da yarjejeniyar 1854, yau ba a yanke magana a kan wannan yanki sai da su.

Kar in zuga maka abin ya wuce yadda yake, rigima tana nan. Tsofaffi har yanzu suna tuna shari'ar kamfanin tama na Silver Bay da ya yi shekaru yana zuba dusar dutse cikin tafkin har aka daina a 1980, gari ya rabu biyu tsakanin masu kare aikinsu da masu kare ruwa, kuma irin wannan tsamin bai gama fita ba. Gishirin da ake watsawa a titi don kar motoci su zame yana gangarawa cikin ƙoramu, in aka rage a yi hatsari in aka ƙara a cuci kifi. Ƙarshen Satumba lokacin da ganye ke juyewa ja da ruwan ɗorawa motoci kan yi layi a hanya mai layi biyu, ɗan gari ya rasa yadda zai fita daga ƙofar gidansa, wasu su ce a faɗaɗa wasu su ce in aka faɗaɗa an kashe abin da ake zuwa gani. Babbar wadda ni nake ganin ta fi ƙarfin majalisar ita ce ta gidaje, tallan ya ci har ya wuce gona da iri, masu kuɗi sun saye gidaje suna ba baƙi hayar kwana biyu uku, mai wanke kwanuka a otal da malamin makaranta sun rasa wurin zama a garin da suke aiki, kowace gunduma tana ta gwada nata lasisin da ƙa'idojin kuma har yau ba a daidaita ba.

In Allah ya sa bizar nan ta fito ka daure ka zo a Satumba kafin sanyi ya sauko, in kuma ya dace da ranar zama zan kai ka ka ji da kunnenka, sai dai ka ci abinci kafin mu shiga don ba sa tashi da wuri. A gaida min su Inna, a ce wa Baba ƙarami saƙonsa na nan tafe.