Tattakin yaƙi da sankarar mama: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Da yake watan Oktoba ya gabato, watan da duniya ke wayar da kai a kan sankarar mama, tambayoyin wannan makon kusan duk a kan tattaki suka zo.

Tambaya: Likita, a Amurka nake zaune. Na yi rajistar tattakin kwana uku na gidauniyar Susan G. Komen, mil 60, saura wata biyar, kuma ban saba doguwar tafiya ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Mil 60 kusan kilomita 96 ke nan, wato kamar 32 kullum har kwana uku. Wata biyar ya isa in kin fara gobe. Ki soma da kilomita 4 ko 5 sau huɗu a mako, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Daga wata na uku ki riƙa doguwar tafiya Asabar da Lahadi a jere, domin safiya ta biyu, da tsamin jiki, ita ke kayar da mutane. Mako biyun ƙarshe ki rage. In kina da hawan jini, ciwon suga ko na zuciya, ki fara ganin likitanki.

Tambaya: Ƙafata na yin bororo duk lokacin da na yi nisa.

Amsa: Takalmi ne ko safa. Ki sayi kambas mai ɗan sarari a gaba, ki saba da shi tun yanzu, ki canza safa da zarar ta jiƙe. Kada ki fasa bororon da reza ko ƙaya, ki rufe shi da filasta. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙanƙani ne, asibiti za ta kai shi.

Tambaya: Zan yi tattaki saboda mahaifiyata da cutar ta yi ajalinta. Abokina ya ce in sha tramol kafin mu tashi don kada in gaji.

Amsa: Allah Ya jiƙanta. Amma Malam, wannan shawara ta ɓata mini rai. Tramol na sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, yana kuma rufe ciwon da ke gaya maka ka tsaya. Su diclofenac ma, a sha su cikin rana jiki ya bushe, ƙoda suke taɓawa. Ka sha ruwa in ka ji ƙishirwa, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari, domin zallan ruwa da yawa na tsinka gishirin jini. Ciwon ƙirji, jiri ko ruɗewa, a tsaya nan take a nemi likita.

Tambaya: Kunya nake ji in nemi gudummawa, sai in ga kamar bara ce.

Amsa: Ba wa kanki kike nema ba. Ki fara da dangi da ƙawayen adashe, ki faɗi ƙungiyar da za a ba da abin da za a yi da kuɗin, kuma a tura asusun ƙungiyar, ba naki ba.

Tambaya: Yayata ta ji ƙullutu a mamanta wata huɗu ke nan, ba ya ciwo. Iyayenmu sun ce daji ne, daji kuma ba ya son ƙarfe, an hana ta zuwa asibiti, ana shafa mata wani haɗi. Ni da ƙawayena muna shirin tattaki mu tara kuɗi, in sun taru sai mu kai ta.

Amsa: 'Yar uwa, wannan tambayar ce ta fi tayar mini da hankali. Kada ku jira kuɗi su taru. Ki kai ta asibiti cikin makon nan. Abin da ake buƙata a farko bai kai abin da kuke tsoro ba: likita ya duba, a yi sikanin ko hoton mama, in da buƙata a ɗebi ɗan nama da allura a kai gwaji. Ƙullutu da yawa ba sankara ba ne, musamman ga mata masu ƙuruciya. Amma rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce, domin sankarar mama a farkonta sau da yawa ba ta ciwo.

Maganar ƙarfe kuma, na san inda ta samo asali, kuma ba na zargin iyayenku, ƙauna ce ta sa. Mace za ta yi shekara ɗaya ko biyu ana shafe-shafe a gida, har maman ya fashe, cutar ta shiga hammata, ta kai huhu ko ƙashi. Sai a lokacin a kawo ta. A yi aiki, ta rasu bayan 'yan watanni, a koma gida a ce wuƙa ce ta kashe ta. Jinkirin ne ya yi ɓarnar. Wadda aka yi wa aiki da wuri ta warke kuwa tana nan a unguwa, ta yi shiru saboda kunya, ba wanda ya ji labarinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da cutar, 670,000 suka rasu. A ƙasashen da ake ganowa da wuri, mafi yawa suna rayuwa. A wajenmu galibi sai ta kai mataki na uku ko na huɗu ake zuwa.

Haɗin nan a daina shi yau. Na ga matan da aka yi wa sakiya da tsaga a mama, aka cusa musu garin magani, suka zo da gyambo yana ruwa, sai mun fara yaƙi da ƙwayoyin cuta kafin mu taɓa ainihin ciwon. Abin na ci mini rai ƙwarai. Addu'a kam a ci gaba, ba ta hana zuwa asibiti.

Ki samu wanda iyayenku ke jin maganarsa, kawu ko limamin unguwa, ki tafi da mijinta wurin likita ya ji da kunnensa. Asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano suna yin wannan gwaji. Tattakin ku yi shi, kuɗin za su yi amfani in aka zo kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ko gashin ciwon da na'ura. Ke ma ki riƙa duba kanki duk wata bayan al'ada, ki gaya wa likita abin da aka samu ga yayarki. Ina ƙara cewa, cikin makon nan.

Tambaya: An cire mini mama shekara biyu da suka wuce. Zan iya shiga?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Hajiya, motsa jiki na da amfani gare ki. Ki sanar da likitanki tukuna. In hannun ɓangaren da aka yi aikin ya kumbura, ya yi ja ko zafi, ki dakata ki je asibiti a ranar.