Amsa ga mai tambaya kan sa silikon bayan an cire mama

Ƙanwata, kin ce za a cire miki mama saboda sankara, kina tambaya ko silikon da ake sawa a gurbinsa yana da illa. Allah ya ba ki lafiya. Ni ma ta nan na biyo, shekara 7 ke nan nawa yana jikina.

Kafin a sa mini, tsumma nake naɗewa in cusa a rigar mama. Kin dai san zafin Sakkwato, kafin azahar ya jiƙe sharkaf ya zame gefe, har biki na daina zuwa. Yanzu sai in sa rigata in fita hankali kwance. Amma ba na jin taɓi a wurin, kuma da hunturu ya fi ɗayan sanyi.

Abin da na so a jaddada mini tun farko: ba a sa shi a manta. Jiki yana kewaye shi da wata fatar tabo, idan ta matse sai mama ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, ga ciwo. Haka nawa ya yi bayan gashin ƙone sankara da aka yi mini da na'ura, sai da na sake kwanciya aka gyara. Yana kuma iya fashewa ba ki sani ba, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta ce a yi hoton MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 ko 3. Ki sa wannan kuɗin a lissafi.

Don Allah ki tambayi iri da sunan kamfani, ki karɓi katinsa ki adana. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana zuba silikon na masana'antu a cikin nasa maimakon wanda aka amince a sa wa mutum. A 2019 kamfanin Allergan ya janye nasa masu kaushin baya saboda wata sankara da ba a cika samu ba, wadda ke fitowa a fatar tabon nan. Allurar silikon kuwa da ake tallatawa, kada ki ko kusance ta.

Maganar addini ta fi damuna lokacin. Malamin da na tambaya ya kawo mini hadisin Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinari. Malamin ya ce gyaran abin da cuta ta ɓata daban yake da neman ado.

Idan za a yi miki gashi, ki faɗa wa likitan gyaran jiki kafin ranar tiyata, don gashin ke nuna ko a sa silikon nan take ko a dakata.