Ruwan karan gero da bakteriya mai zaɓen sukari

Tambaya: Malam, ina wuni. Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, ina aikin kammala karatu a kan ruwan karan gero, wato ruwan sukarin da ake samu in an dafa karan da asid. Na sa bakteriyar E. coli a ciki, ta cinye sukarin gulukos ta bar sukarin zilos, girmanta ya tsaya cak. Lokaci ya ƙure mini, barci ma ba na yi. Wani ya ce in ɗebo bakteriya daga kwata, wai su ba sa zaɓe. In gwada?

Amsa: Ƴata, kwantar da hankalinki, aikinki bai lalace ba. Jak Mono ya bayyana wannan hali a Faransa tun 1941: muddin da gulukos, bakteriya na rufe wa sauran sukari ƙofa, in ya ƙare ta ɗan dakata sannan ta koma kan zilos. Ki ci gaba da awo. In ba ta farfaɗo ba, ki zargi furfural, gubar da dafa kara da asid ke haifarwa. Masu son a ci biyun tare kan cire mata ƙwayar gado ta ptsG, mai taimaka mata shigar da gulukos, ko da yake girma na raguwa. A 1995 ma, a Amurka, an dasa wa wata bakteriya mai suna Zymomonas mobilis ƙwayoyin gadon E. coli har ta iya mai da zilos etanol, wato barasa.

Maganar kwata kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kada ki kuskura! E. coli ta kwata ita ma gulukos take fara ci, to me kika ƙaru da shi? K-12, irin E. coli da muke aiki da ita a ɗakin gwaji, tun 1922 take hannun masana, ta yi laushi, da ƙyar take iya zama a hanjin mutum. A kwata akwai Salmonella, akwai E. coli irin O157:H7 ta kashin shanu mai lalata ƙodar yara, akwai waɗanda ba sa jin magani. In kin ba su sukari da ɗumin digiri 37, wasu duk minti 20 suna ninkuwa, kafin asuba kin tara biliyoyi a kwalba guda. Sannan ina za ki zubar? A lambatun da yaran Birni ko Zango ke tsallakawa ba takalmi? A garin da ake sayen ruwa wajen ƴan garuwa, wanke hannu ma sai an yi tsimi? Wanda ya ba ki shawarar ba shi zai yi jinyar ƙannenki ba. Rai amana ne, ƴata.

Ki nemi irin da aka tantance ta hannun malaminki. Duk kwalbar da kika gama da ita, ki dafa ta a otoklaf, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, digiri 121, minti 20, kafin ki zubar.