Karena yana ta susa, wane abinci zan sauya masa?

Tambaya: Likita, ina da karen gadi jinsin Alsatian, shekararsa 2. Wata shida ke nan yana susa ba dare ba rana, yana lasar ƙafafunsa har sun yi ja, kunnensa yana wari, kashinsa kuma yawanci ruwa-ruwa ne. Shinkafa da kawunan kaji muke dafa masa, wani lokaci ganda da sauran abincin gida. An ce mini abinci ne bai karɓe shi ba, sai na sayi na buhu mai tsada wanda aka rubuta babu hatsi a cikinsa, amma shiru. Wane abinci ya dace? Ko gwajin jini zan sa a yi masa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, abin da ka lissafa ya yi kama da borin jinin da abinci ke tayarwa, musamman da ƙaiƙayi ya haɗu da ciwon kunne da lalacewar ciki. Alsatian kuma yana cikin jinsunan da aka fi ganin wannan matsala a jikinsu. Amma kafin mu ɗora wa kwano laifi, a fara duba fata. Ƙuma, kaska da ƙazuwa su ne suka fi sa karnukanmu susa, kuma kare mai borin cizon ƙuma, cizo kaɗan ya ishe shi kwana yana kartar jiki ko da ba ka ga ƙumar da idonka ba. Likita ya kankari fatar ya duba a madubin likita, ya ba da maganin ƙwari na wata-wata, ya kuma magance kunnen da ƙafafun, domin wannan warin alama ce ta ƙwayoyin cuta da suka samu gurbi a fatar da susa ta raunana. Idan ba a kashe su ba, ko ka dace da abinci ƙaiƙayin ba zai tsaya ba, sai ka ɗauka sauyin abincin bai yi ba.

Gwajin jini kuwa, riƙe kuɗinka. Na jini, na yawu, na gashi, duk ba abin dogaro ba ne wajen gano abincin da ke damun kare: sukan nuna matsala a karen da lafiyarsa ƙalau, su kuma tsallake mai ciwon. Hanya ɗaya ce tabbatacciya: a janye duk abin da ya saba ci, a ɗora shi kan abincin da jikinsa bai sani ba na tsawon mako 8, sannan a dawo da tsohon a ga ko ciwon zai dawo.

Dalilin da buhun nan naka bai yi aiki ba shi ne, ba hatsi ne ya fi jawo wannan ciwo ba. Garkuwar jiki da furotin, wato sinadarin gina jiki, take faɗa, kuma mafi yawa furotin ɗin dabba. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara rahotannin karnukan da aka tabbatar suna da ciwon, ya nuna naman sa ne a gaba da kashi 34 cikin 100, sai madara da dangoginta 17, kaza 15, alkama 13. Juya buhun ka karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. Zai yi wuya ka rasa kaza a ciki. Ka ga an cire abin da wataƙila bai yi laifi ba, an bar wanda ake zargi. Ƙari a kan haka, an sha gwada irin waɗannan abincin na kanti a sami naman da ba a rubuta a jikin buhu ba, saboda inji ɗaya ke sarrafa kala-kala. Don haka ba na amfani da su wajen gwaji.

Zaɓi biyu ke gabanka. Na farko abincin asibiti ne wanda aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana-ƙanana har garkuwar jiki ba ta gane shi, irin su Royal Canin Anallergenic, Hill's z/d da Purina HA. Cikakken abinci ne, ba ruwanka da dahuwa. Matsalarsa tsada, ga shi daga waje ake shigo da shi, yau akwai gobe babu. Kada ka fara sai ka tabbatar kana da abin da zai kai ka mako 8, don yankewa a tsakiya komawa farko ne.

Na biyu dahuwar gida: nama iri ɗaya da bai taɓa ci ba, da abin cika ciki iri ɗaya. Zauna da mutanen gida ku rubuta duk abin da ya taɓa shiga bakinsa tun yana kwikwiyo. Karen da ke cin sauran abincin gida ya riga ya san naman sa, kaza, kifi, ƙwai, shinkafa, masara da alkama. Rago da akuya ba na son su a nan, dangin shanu ne na kusa, jikin da ya ƙi ɗaya yana iya ƙin ɗayan. Haka talotalo da agwagwa ga karen da ake zargin kaza. Abin da nake fara ba da shawara shi ne zomo da dankalin Hausa. Inda zomo ya yi wuyar samu ko ya yi tsada ga babban kare irin naka, naman raƙumi da ake yankawa a Kano, Sakkwato da Maiduguri yana iya maye gurbinsa, muddin bai taɓa ci ba. Kashi ɗaya na nama, kashi biyu na dankali, a dafa da ruwa zalla. Ba magi, ba mai, ba yaji, albasa da tafarnuwa kuwa guba ce ga kare, suna lalata masa jini. A zare ƙasusuwan, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Ka sauya a hankali cikin kwana 5 zuwa 7, kana rage tsohon kana ƙara sabon, lissafin makonni kuma daga ranar da tsohon ya ƙare yake farawa.

Inda gwajin nan ya fi lalacewa ba a tukunya ba ne, a tsakar gida ne. Yaro ya jefa masa guntun burodi, maigadi ya ji tausayi ya juye masa ƙanzo da miya, ko a kwance shi da dare ya tafi bola. Loma ɗaya tana iya mayar da hannun agogo baya. Ka tara kowa ka yi musu bayani: ruwa da wannan abinci, shi ke nan. Har magungunan tsutsa da na kaska da ake taunawa, da yawansu an sa musu ɗanɗanon nama, sai ka nemi likita ya ba ka na ɗigawa a ƙeya.

Ciki yakan fara daidaita cikin mako 2 zuwa 3. Fata ta fi jinkiri: a mako na 5 kusan kashi 80 cikin 100 na masu ciwon sun samu sauƙi, a mako na 8 sun haura 90. Shi ya sa ba a yanke hukunci da wuri. Idan susar ta yi tsanani likita zai iya ba shi maganin ƙaiƙayi a makonnin farko, ya tsayar kafin ƙarshe don a ga aikin abincin shi kaɗai. Roƙona, kada ka je kemis ka sayo dexamethasone kana ɗirka masa. Yana kwantar da susa, amma yana ɓoye mana amsar da muke nema, kuma yawan shansa yana da illa.

Idan ya warke, sai mataki na ƙarshe wanda masu karnuka suka fi gudu: a dawo masa da tsohon abincinsa. Na san da ciwo, amma in ba haka ba, ba za mu san ko abincin ne ya yi aiki, ko maganin ƙuma, ko sauyin yanayi ba. Mai ciwon gaske susarsa takan dawo cikin 'yan kwanaki, da wuya ta wuce kwana 14. Daga nan a koma kan abincin gwaji har ya lafa, sannan a riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya, kaza mako biyu, naman sa mako biyu, har a kama mai laifin. Idan kuwa mako 8 suka cika ba sauyi, mai yiwuwa ƙurar gida ko ƙwayar furen tsirrai ce, maganinta kuma daban.

Zomo da dankali abincin gwaji ne, ba na dindindin ba. Babu isasshen kalsiyam da wasu sinadarai a ciki. Babban kare zai jure wata biyu, amma kwikwiyo mai girma ko karya mai ciki ba a ɗora su a kai, na asibiti wanda ya dace da su ake ba su. In za ka ci gaba da dahuwar gida bayan an gano abin da ke damunsa, likita ya tsara maka ma'auni da abin da za a ƙara. Daga Kaduna, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi maka nisa ba, kuma can za su iya yin kankarar fatar da duba kunnen a zuwa ɗaya.