Me ya sa Boston Celtics ta rabu da zakarunta?

Tambaya: Boston Celtics ta ɗauki kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2024, sai ga shi a hutun 2025 ta sallami Jrue Holiday da Kristaps Porzingis. Me ya jawo haka? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, maganar kuɗi ce. Yarjejeniyar albashi ta 2023 tsakanin NBA da 'yan wasa ta kafa iyaka ta biyu kan jimillar albashin da ƙungiya ke biya, dala miliyan 207.8 a kakar 2025-26. Ƙungiyar da ta haura ta ba za ta haɗa albashin 'yan wasa biyu a musaya ta karɓo ɗaya ba, ba ta kuma sa tsabar kuɗi cikin musaya, ga haraji mai nauyi kan ƙungiyar da ke maimaita wuce iyakar haraji shekara bayan shekara. Da agarar tauraron ƙungiyar Jayson Tatum ta tsinke a watan Mayun 2025, fatan kofi ya ragu ƙwarai. Don rage albashi a sauko ƙasa da iyakar, sai aka tura Holiday ƙungiyar Portland aka karɓo Anfernee Simons, Porzingis kuwa ya tafi Atlanta.