Amsar Yaya kan gwajin Inna

Assalamu alaikum. Yaya, na ga hoton takardar gwajin Inna, na kuma ji tambayarki ko a ƙara mata ƙwai da nama tunda albumin ɗinta ya sauka zuwa 26. To ni dai na san ba ƙwai ne a ranki ba, ƙafar nan ce da ta kumbura.

Kin ga, albumin furotin ne na cikin jini, hanta ce ke yin sa, shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. Na mai lafiya 35 zuwa 50 ne. In ya yi ƙasa sai ruwa ya tsiyaye cikin nama, ki danna ƙauri da yatsa ki ga rami ya zauna. Amma ba kullum rashin ci ke jawo shi ba. In jiki na faɗa da cuta, kamar ciwon huhun nan da Inna ta yi sati biyu tana fama, hanta canza aiki take yi. Ta rage albumin, ta koma yin su CRP da fibrinojin, wato furotin ɗin da ke ƙaruwa a jini in jiki na faɗa da cuta. CRP cikin awa 6 zuwa 8 ya fara hawa, shi ya sa kika ga na Inna a sama. Albumin kuwa nawa gare shi, sai wajen kwana 20 rabinsa ke ƙarewa, don haka a hankali yake sauka... a'a, bari in gyara, in ciwo ya yi tsanani yakan faɗi da wuri, don jijiyoyin yoyo suke yi. Dawowar ce ke cin lokaci.

Abin da nake gudu shi ne irin na Kawu, Allah ya jiƙansa. Wata uku wani mai kemis na ɗura masa maganin ƙarin jini, kwalba bayan kwalba, mutum fuska a kumbure da safe, fitsari kumfa kamar an kaɗa Omo. Ƙoda ce ke zubar da furotin! Na faɗa, aka ce yarinya ce, jiya-jiya ta fara aikin asibiti. Har yau kwalaben nan ina ganin su a kan taga. To, a bar wannan.

Ƙwan dai ku ba ta, ba laifi. A rage gishiri da magi. Gobe ki ce wa likitanta a duba fitsari da hanta, har da ciwon hanta nau'in B, ki turo mini sakamakon.