Tambaya da Amsa: Ina Za Mu Samo Hujjar Talaucin Yaran Unguwarmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin ci gaban unguwa a Unguwar Rogo, Jos. Duk sanda muka kai kuka kan halin da yaranmu ke ciki, sai a ce mu kawo hujja a rubuce. Ina za mu samo ta?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ku fara da rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022, bayan ta zaga gidaje sama da 56,000. Ba kuɗin aljihu ta auna ba. Ta duba lafiya, ilimi, yanayin muhalli, aikin yi da masifun da ke afka wa iyali. Ta gano mutum miliyan 133 na cikin talauci, haka ma kashi 67.5 cikin 100 na yara.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa: alƙaluman sun tsaya ne a matakin mazaɓar sanata. Filato ta Arewa ta haɗa ƙananan hukumomi shida, don haka Unguwar Rogo da ƙauyukan Riyom duk a kwando ɗaya aka zuba su. Ƙidayar jama'a kuwa rabon da a yi ta tun 2006. Kenan hujjar unguwarku ku ne za ku tattara ta.

Ku sanar da mai unguwa, ku raba layuka, ku riƙa shiga kowane gida na biyar, ba gidan da kuka ga dama ba. Tambayoyi kaɗan sun isa: yara nawa ne ba sa zuwa makaranta, sau nawa aka ɗora tukunya jiya, ina ake ɗebo ruwa, jarka nawa ake saye wurin 'yan garuwa. Ku nemi ma'aikaciyar lafiya ta auna dantsen yara 'yan wata 6 zuwa 59. Wanda ya gaza santimita 11.5, inda tef ya nuna ja, tamowa ce mai tsanani. A kai shi asibiti ranar, ba sai an gama lissafi ba.

Matsalar da aka fi samu ita ce tambayar maigida a ƙofa. Sau da yawa bai san abin da yaro ya ci ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce an kwana da yunwa ba. Mata su shiga ciki su tambayi uwa. Kada kuma a ji ƙanshin rabon tallafi, don nan take gida mai yara huɗu zai koma mai tara. Almajirai ma sukan zube a irin wannan aiki, tunda ba gidan iyayensu suke kwana ba, sai ku ƙirga su a makarantun allo, a shafi daban.

In kun gama, ku cire sunaye, ku taƙaita a takarda ɗaya da buƙata ɗaya tak da kuɗinta, misali gyaran rijiyar burtsatse. Ku miƙa wa kansila da ɗan majalisarku kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi.